Yaya ake bin gasar Wimbledon tun daga ranar farko ba tare da an rikice ba?

Sabon-Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin tanis. Ina so in bi gasar Wimbledon ta bana tun daga ranar farko, ba wasan ƙarshe kaɗai ba, amma abubuwa uku suna ɗaure min kai. Na farko jadawalin gasar: sunaye fiye da ɗari, wasu da lamba a gefe, wasu da haruffa irin su Q da WC da LL. Na biyu lissafin maki, musamman idan aka kai 6-6. Na uku lokaci: za ka ga an jera wasa a cikin na ranar, amma ba a faɗi ƙarfe nawa za a fara shi ba. Ga kuma ranakun farko da ake buga wasanni rututu lokaci guda, wanne mutum zai kalla, wanne zai bari? Don Allah wanda ya sani ya warware min dalla-dalla. Na gode.

Mai-Jadawali ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ɗauki na farkon, don a kansa sauran suke zaune.

'Yan wasa 128 ne a ɓangaren maza, 128 a na mata, kuma sili ɗaya ƙwale ake yi: ka faɗi sau ɗaya, ka haɗa kayanka. Zagaye bakwai ke nan, daga 128 zuwa 64, zuwa 32, 16, 8, 4, sai biyun ƙarshe. Duk wanda zai ɗaga kofi sai ya ci wasa bakwai a jere cikin mako biyu.

A bisa al'ada mutum 104 suna shiga kai tsaye saboda matsayinsu a jerin gwanayen duniya, 16 suna fitowa daga wasannin share fage, takwas kuma masu shirya gasar ne suke ba su gurbin alfarma. Haruffan da kake gani daga nan suka samo asali. Mai Q shi ne wanda ya fito daga share fage, wanda ake yi a unguwar Roehampton ta Landan mako guda kafin gasar, kuma sai ya ci wasa uku kafin ya samu shiga. Mai WC shi ne na alfarma, yawanci matashin ɗan Birtaniya ko tsohon gwani da ya dawo daga jinya matsayinsa ya yi ƙasa. Mai LL kuwa ya faɗi ne a share fage, sai wani daga cikin waɗanda suka samu gurbi ya janye a ƙurarren lokaci, aka saka shi a madadinsa. Kada ka raina masu haruffan nan. Goran Ivanisevic da gurbin alfarma ya ci Wimbledon a 2001, yana na 125 a duniya. Emma Raducanu daga share fage ta fito ta ci gasar Amurka a 2021, wasa goma ba a ci ta saiti ko ɗaya ba. Kuma mai Q yana da wata riba a zagayen farko: ya riga ya buga wasa uku a kan ciyawa, ƙafarsa ta saba, alhali babban da zai kara da shi wataƙila bai taka ciyawa a wasan gaske ba tun bara.

Lambobin gefe, daga 1 zuwa 32, su ne 'yan sahun gaba. Ana warwatsa su a cikin jadawali don kada manya su cinye juna tun da wuri. Na 1 yana can saman takarda, na 2 yana can ƙasa, ba za su haɗu ba sai a wasan ƙarshe. Na 3 da na 4 ƙuri'a ce take raba su, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Masu lamba biyu ba sa haɗuwa kafin zagaye na uku, kuma a nan na 1 zuwa na 8 suna faɗawa kan na 25 zuwa na 32 ne, idan kowa ya ci nasa. Sauran 96 marasa lamba ƙuri'a ce kawai take jefa su inda ta ga dama, shi ya sa na 33 a duniya zai iya cin karo da na ɗaya tun ranar farko. A da Wimbledon tana da lissafinta na daban da take fifita maza masu ƙoƙari a kan ciyawa, amma tun 2021 ta koma bin jerin duniya kamar sauran manyan gasanni.

Ga yadda za ka yi da takardar. Ana fitar da jadawali ranar Juma'ar da ke gaban Litinin ɗin farawa. Ka sauke shi, ka raba shi gida takwas, kowane gida mutum 16. A kowane gida akwai ɗaya daga cikin manya takwas na farko, da wasu masu lamba uku, kuma mutum ɗaya tak zai fito daga ciki zuwa kwata fainal. Ka zaɓi gida ɗaya a maza, ɗaya a mata, ka san duk wanda ke ciki. Mutum 32 ke nan maimakon 256. Sauran gidajen ka riƙa duba sakamakonsu da dare. Kafin mako na biyu ka san 'yan wasanka ciki da bai, ka san wanda ya sha saiti biyar sau biyu ya gaji, da wanda ya wuce salin alin.

Ranakun kuma a tsare suke: Litinin da Talata zagayen farko, Laraba da Alhamis na biyu, Juma'a da Asabar na uku, Lahadi da Litinin na huɗu, Talata da Laraba kwata fainal, Alhamis kusa da na ƙarshe na mata, Juma'a na maza, Asabar wasan ƙarshe na mata, Lahadi na maza. Rabin jadawali ne yake buga yau, ɗaya rabin gobe, don haka idan ɗan wasanka ya fara Litinin, ka sa rai da shi Laraba da Juma'a da Lahadi, in dai ruwan sama bai ɓata tsarin ba. Lahadin tsakiya da hutu ce, tun 2022 aka mayar da ita ranar wasa.

Hajiyar-Raga ta rubuta:

Malam Mai-Jadawali ya gama da nasa. Ni bari in taɓa lissafi.

Hawa uku ne: maki, gem, saiti. A cikin gem ana ƙirga 15, 30, 40, sai gem. Mutum ɗaya ne yake yin sabis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, daga farkon gem har ƙarshensa, kuma makinsa ake fara faɗa. Idan ka ji 15-40, mai sabis ne yake da 15, yana cikin hatsari. Idan aka yi 40-40, wato diyus, sai wani ya ci maki biyu a jere: na farko ya ba shi rinjaye, na biyu ya ba shi gem. In ya ɓarar da na biyun, a koma diyus, ko sau nawa ne.

Saiti kuma na wanda ya fara kai gem shida ne da ratar biyu. 6-4 ya yi, 6-5 bai yi ba, sai an kai 7-5 ko kuma a yi 6-6. A nan ake shiga raba-gardama, inda ake ƙirga maki ɗaya, biyu, uku, har wani ya kai 7 da ratar biyu. Wanda sabis ya zo kansa yana yin maki ɗaya kawai, daga nan kowa biyu-biyu, kuma ana sauya ɓangare duk bayan maki shida. Idan ka ga an rubuta 7-6(5), ƙaramar lambar makin wanda ya faɗi ce a raba-gardama, wato an tashi 7 da 5. Maza sai an ci saiti uku cikin biyar, mata biyu cikin uku.

Saitin ƙarshe, na biyar a maza ko na uku a mata, shi ne ya sha bamban: a 6-6 raba-gardamar zuwa maki 10 take, da ratar biyu. Tun 2022 duk manyan gasanni huɗu suka daidaita a kan haka. Kafin 2019 a Wimbledon babu raba-gardama a saitin ƙarshe, sai wani ya yi ratar gem biyu. Abin da ya haifar da wasan John Isner da Nicolas Mahut na 2010 ke nan, awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, saitin ƙarshe 70-68. A 2018 Kevin Anderson ya ci Isner ɗin 26-24 a saiti na biyar na kusa da ƙarshe, ya je wasan ƙarshe ba ƙafa. Sai aka sa raba-gardama a 12-12 daga 2019, kafin a zo ga ta yanzu. Don haka in ka ci karo da tsohon sakamako mai manyan lambobi, ba kuskuren rubutu ba ne.

Amma abin da ya fi ƙirgan muhimmanci, ɗan'uwa, shi ne ka san waye mai sabis. A allon maki akwai ɗan ɗigo ko hoton ƙwallo a gefen sunansa. A wasan maza, musamman a kan ciyawa, mai sabis shi ne yake cin mafi yawan gem ɗinsa, saboda haka 3-2 ko 4-3 ba lallai rinjaye ba ne. Idan mai 4 shi ya fara sabis a saitin, kowa ya riƙe nasa ne kawai, kankankan suke. Rinjaye na gaske shi ne karya sabis, wato ka ci gem ɗin da abokin karawarka yake yin sabis. Karya ɗaya tak takan isa a ci saiti. Don haka in kana zagaya filaye, inda ka ga 0-30, 15-40 ko 30-40, nan za ka tsaya. Haka kuma 4-5 da 5-6 ga mai sabis, don a nan in ya yi sake saitin ya tafi gaba ɗaya, kuma a nan hannu yake rawa, sabis na biyu ya faɗa raga.

Ba duka maki ne nauyinsu ɗaya ba, kuma babu misalin da ya fi wasan ƙarshe na 2019. Roger Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic 204. Federer ya ci gem 36, Djokovic 32. Federer har ya samu damar kammalawa sau biyu, yana sabis a 8-7, 40-15 a saiti na biyar, ta leƙo ta koma. Djokovic ne ya ɗauki kofin, saboda shi ya ci raba-gardama ukun da aka yi. Wanda ya kalli jimillar maki kaɗai ba zai taɓa gane yadda aka yi ba.

Ƙananan abubuwa da za su iya rikita ka: ana sauya ɓangare bayan gem na ɗaya, na uku, na biyar, haka dai. Hutun daƙiƙa 90 ne, amma bayan gem na farkon saiti ba a zama. Ƙarshen saiti minti biyu. Tsakanin maki da maki daƙiƙa 25, akwai agogo a fili yana ƙirgawa. Ana kawo sababbin ƙwallaye bayan gem bakwai na farko, daga nan duk bayan tara, don ɗumama jiki kafin wasa ya riga ya ci ƙwallayen farko. Sabuwar ƙwallo ta fi gudu, mai sabis ne yake moriyarta, shi ya sa za ka ga ya ɗaga ta ya nuna wa abokin karawarsa kafin ya buga.

Sabon-Shiga ya rubuta:

Allah Ya saka da alheri, Hajiya, yanzu na gane dalilin da ya sa masu sharhi ba sa ɗaga murya a 4-3. Saura batun lokaci. Sannan mene ne bambancin "ret." da "w/o" da nake gani a sakamako?

Mai-Agogo ya rubuta:

Na biyun mai sauƙi ne. "ret." na nufin an fara wasa, ɗaya ya kasa ƙarasawa saboda rauni ko rashin lafiya. "w/o" kuma ba a ma shiga fili ba, ɗaya ya janye tun kafin a fara, ɗayan ya wuce kyauta.

Batun lokaci, tanis ba shi da agogon tashi kamar ƙwallon ƙafa, don haka ba wanda zai iya faɗa maka ƙarfe nawa wasa na uku a fili zai fara. Abin da ake fitarwa shi ne jerin wasannin gobe, yawanci da yammacin yau, fili-fili, kuma wasan farko na kowane fili ne kaɗai yake da tabbataccen lokaci. Sauran suna biye ne, wannan ya ƙare wancan ya shiga. Wani lokaci akan rubuta cewa ba za a fara wani wasa kafin ƙarfe kaza ba. Wannan alkawari ne na gefe ɗaya: ba za a fara kafin lokacin ba, amma ana iya wuce shi da awa biyu.

Ƙananan filaye suna farawa ƙarfe 11 na safe agogon Landan, Fili na Ɗaya ƙarfe 1 na rana, Filin Tsakiya 1:30. Ga inda mutane da yawa suke tafka kuskure: a watan Yuni da Yuli agogon Landan ba GMT ba ne, yana gaba da awa ɗaya saboda agogon bazara. Ƙarfe 11 ɗinsu 10 ce agogon GMT, 1:30 kuma 12:30 ce. Ka fara mayar da lokacin zuwa GMT, sannan ka ƙara ko ka rage na inda kake. Manhajar gasar takan nuna lokaci da agogon wayarka, amma hoton jadawali da wani ya turo maka da agogon Landan yake.

Yadda za ka ƙiyasta: ka ba wasan mata awa ɗaya da rabi zuwa biyu, na maza awa biyu da rabi zuwa uku da rabi, ka ƙara kamar kwata tsakanin wasa da wasa. A ce ɗan wasanka shi ne na uku a filin da ya fara ƙarfe 10 GMT, gabansa akwai na mata ɗaya da na maza ɗaya. Mafi sauri shi ne mata su gama cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, maza su yi saiti uku cikin ƙasa da awa biyu, ka ga wajen 1:30 ke nan. Mafi jinkiri kuma ya kai ƙarfe 5. To kada ka kafa ƙararrawa a kan tsammani, ka sa ido a kan wasan da ke gaban naka. Da ka ga an shiga saitin da zai iya zama na ƙarshe, ka matso kusa. Abin da yake ɓata wannan lissafi shi ne "ret." ɗin nan: wani ya janye a saitin farko, naka ya shiga awa biyu kafin lokacin da ka zata.

Sai ruwan sama. Ciyawa in ta jiƙe santsi take yi, ko yayyafi ne sai a tsayar a ja tamfol. Filaye biyu kaɗai suke da rufi, Filin Tsakiya tun 2009, Fili na Ɗaya tun 2019. Rufewar kanta kamar minti goma ce, amma sai an jira iskar ciki ta daidaita kafin a ci gaba. Ranar da ruwa ya yi yawa, manya da ke ƙarƙashin rufi suna gama nasu su tafi hutu, na ƙananan filaye kuma a tura su gobe, wani ya buga kwana biyu ko uku a jere. Ka lura da wannan in kana auna wanda zai fito daga gidanka. Ana kuma iya ɗauke wasa daga wani fili zuwa wani ba zato, don haka in ka nemi wasa ka rasa, ka bincika da sunan ɗan wasan, ba da lambar fili ba.

Wimbledon ba ta da zaman dare irin na sauran gasannin. A ƙananan filaye duhu ne yake tsayar da wasa, wajen 9 na dare agogon Landan, a ƙarasa washegari daga daidai makin da aka tsaya. A filaye masu rufi ana kunna fitilu, amma ƙarfe 11 na dare dole a tsaya, sharaɗi ne da ƙaramar hukumar yankin ta gindaya saboda mazauna unguwar. Haka aka raba wasan Djokovic da Rafael Nadal na kusa da ƙarshe a 2018 gida biyu, aka ƙarasa ranar Asabar. Ta wannan fuskar ta fi sauran sauƙin bi. A gasar Ostareliya ta 2023 wasan Andy Murray da Thanasi Kokkinakis sai bayan ƙarfe 4 na asuba ya ƙare.

Abu na ƙarshe: hoton da ke zuwa ta intanet yana bayan manhajar maki da 'yan daƙiƙu, wani lokaci fiye da maki guda. In kana kallo, kashe sanarwar manhajar, in ba haka ba za ta faɗa maka an karya sabis tun mai sabis bai jefa ƙwallo sama ba. In kuma ba ka da tashar da ke nunawa, gasar tana da rediyonta a shafinta da manhajarta.

Ɗan-Layi ya rubuta:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ina da ja a kan shawarar Malam Mai-Jadawali ta riƙe gida ɗaya, aƙalla a kwana biyun farko. Zagayen farko wasa 128 ne a filaye 18, kuma a nan ake yin ɓarin manya. A 2025 Coco Gauff, mai lamba 2, wadda mako uku da 'yan kwanaki ke nan da cin gasar Faransa, ta faɗi a wasanta na farko. Jessica Pegula mai lamba 3 ta faɗi, Alexander Zverev mai lamba 3 a maza shi ma ya faɗi. Wanda ya kafe a gida ɗaya sai dai ya ji labari. Ni shawarata, Litinin da Talata ka buɗe allon da ke nuna duka filaye, ka riƙa neman mai lamba da aka ci saitin farko, ko wasan da ya shiga saiti na biyar, ka koma can. Filin Tsakiya a ranakun nan sau da yawa babba ne yake casa ƙarami, ban da al'adar buɗe fili da mai riƙe da kofin maza yake yi ranar Litinin, ta mata ranar Talata. Daga Laraba sai ka koma gidanka.

Dalilin ɓarin kuwa ciyawa ce. Mako uku ne kacal tsakanin ƙarshen gasar Faransa, da ake yi a kan jar ƙasa, da farkon Wimbledon. A jar ƙasa ƙwallo tana tashi sama, tana rage gudu, ɗan wasa yana zamewa ya tarar da ita. A ciyawa, wadda ake aske ta zuwa milimita 8, ƙwallo tana sulalewa ƙasa-ƙasa, dole a durƙusa, a yi gajerun taku, kuma wanda ya saba ɗaga raket baya sosai kafin ya buga sai ya riƙa makara. Lambar da ke gefen sunan mutum daga makin shekara guda ta fito, mafi yawansa an tara shi ne a kan daɓe da jar ƙasa, ba ta faɗa maka komai game da ciyawa. Abin da zai faɗa maka shi ne sakamakon ƙananan gasannin ciyawa na watan Yuni, irin su Queen's da Halle da Eastbourne da Berlin, da kuma inda mutum ya kai a Wimbledon a shekarun baya. Marketa Vondrousova ba ta da lamba ko kaɗan ta ci kofin 2023, ta doke Ons Jabeur. Mai sabis mai ƙarfi, ko mai yankan ƙwallo ta yadda ba ta tashi, ko mai son zuwa gaban raga, ka ƙara masa daraja a kan lambarsa.

Filin ma ba ɗaya ba ne a mako biyun. Kwanakin farko ciyawar shar take, da damshi, ana yawan zamewa ana faɗuwa. Zuwa mako na biyu bayan layin baya ya zama ƙasa tsirara, ƙwallo ta fara tashi, ƙafa ta samu wurin kamawa, masu doguwar musaya daga baya su farfaɗo. Shi ya sa wasu manya suke shan wuya a zagayen farko da na biyu, in sun tsira kuma sai su gagara.

Ga alƙaluman da ake nunawa bayan kowane saiti, ba duka za ka kula da su ba. Yawan es, wato sabis ɗin da abokin karawa bai ko taɓa ba, yana burge ido amma ba ya nuna mai ci. Ka duba uku: kashi nawa na sabis ɗin farko ya shiga, kashi nawa na makin sabis na biyu mutum ya ci, da damar karya sabis nawa ya samu, nawa ya yi amfani da su. Wanda yake cin ƙasa da rabin makin sabis na biyu, kuma sabis ɗin farko ba ya shiga, ko yana gaba a allo kwanansa ya kusa ƙarewa. Wanda ya samu damar karyawa takwas ya ci ɗaya, shi ne ya fi wasa amma yana iya faɗuwa. Ƙididdigar kurakuran ganganci kuwa mutum ne yake zaune yana yanke wanne na ganganci wanne na dole, don haka ka karɓe ta da taka-tsantsan.

Hajiyar-Raga ta rubuta:

Ƙarin bayani ɗaya, tunda Malam Ɗan-Layi bai taɓo sana'ar sunansa ba. In ka kalli tsofaffin wasanni za ka ga mutane tsaye a bayan fili suna kiran ƙwallon da ta fita, ɗan wasa kuma yana ɗaga hannu ya ƙalubalanci hukunci, a nuna a allo, kowa yana da dama uku a saiti. Tun 2025 babu wannan a Wimbledon. Kyamarori ne suke bin ƙwallo, muryar da ka ji ta yi kira naɗaɗɗiya ce, alƙalin kujera kaɗai ya rage a fili. Gasar Faransa ce a 2025 ta ci gaba da amfani da mutane, don a jar ƙasa ƙwallo tana barin tabo, alƙali ya sauko ya duba.

Kuma in ka ga ana magana da ɗan wasa daga wurin zaman mutanensa, yanzu ba laifi ba ne, an halatta wa koci ya ba da gajeriyar shawara tsakanin maki. Wanda ya nemi likita kuma minti uku ake ba shi na magani bayan an duba shi. Ka lura da gem biyu na farko bayan an dawo: gudun sabis ɗinsa da ake nunawa a allo, da yadda yake tafiya gefen da ciwon yake.

Mai-Jadawali ya rubuta:

Na karɓi gyaran Malam Ɗan-Layi a kan Litinin da Talata. Sai dai ka cika takardarka kowane dare ko da yawo ka yi ranar, don faɗuwar mai lamba 2 ko 3 tana buɗe hanya ga duk wanda ke gidansa, kuma a irin wannan gida ne baƙon suna yake kaiwa kwata fainal. Akwai kuma lissafin da zai taimaka maka gane abin da masu sharhi suke nufi da kare maki. Wanda ya ci kofi yana samun maki 2000 a jerin duniya, kuma makin mako 52 yake yi ya zube. Mai riƙe da kofi ko ya sake ci bai ƙaru da komai ba, in kuwa ya faɗi da wuri kusan duka 2000 ɗin za su fita daga lissafinsa. Wanda bara ya faɗi a zagayen farko kuma duk wasan da ya ci bana riba ce. Sabon jerin yana fitowa ranar Litinin bayan wasan ƙarshe, kuma da irin wannan jerin ake raba lambobin gasar Amurka da ke tafe a ƙarshen Agusta.

Sabon-Shiga ya rubuta:

Madalla, na gode ƙwarai da gaske, Allah Ya ƙara sani. Zan jira Juma'a jadawali ya fito in raba shi gida takwas, sannan in kawo nan ku duba min gidan da ya fi dacewa in riƙe a ɓangaren mata.